Hayar inuwa a lambunan Kura da Kadawa: abin da ake samu, da abin da za a tambaya kafin a shimfiɗa tabarma

A kan hanyar Zariya, da an wuce Kura aka fara ganin kanal yana ratsa gonaki, akwai masu lambun mangwaro da gwaiba da ke karɓar iyalai daga cikin birnin Kano su zo su wuni. Babu allo a bakin titi, babu rasit, babu mai gadi da inifom. Wani ne yake ba wani lambar waya, a yi sallama, a yi ciniki, a nuna wa mutum gindin bishiya ya shimfiɗa tabarma daga hantsi zuwa la'asar. Hayar inuwa ke nan, in za a ba abin suna. Ta ci kuɗinta, amma ba a kowane lambu ba, kuma abin da ke raba mai kyau da marar kyau ba ya fitowa a hoton da ake turowa ta WhatsApp.

Sai an tuna yadda Kano ta kasance a bazarar 2020 kafin a gane dalilin da ya sa magidanci zai ƙona fetur don kawai ya zauna a ƙarƙashin bishiya. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a jihar. Daren 16 ga wata gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sa dokar zaman gida, ranar 27 ga wata kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗora mako biyu na kulle a kan Kano, aka sake ƙarawa a tsakiyar Mayu. Ba a ɗage dokar baki ɗaya ba sai ranar 2 ga Yuli. Kullen ya faro ne a watan da zafi ke haura digiri 40, ga azumi da aka kama ranar 24 ga Afrilu, ga wuta da ba ta zama. Makarantu a rufe tun Maris. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata an mayar da shi wurin killace masu cutar. Hawan Sallah ma bai yiwu ba. Majalisar dakali, wadda ita ce falon talaka, jami'an tsaro na tarwatsa ta. A unguwanni irin su Fagge, Kurna, Ɗorayi da lungunan cikin birni, inda an daɗe da yanka tsakar gida aka yi ɗakunan haya, iyali mai mutum takwas na iya kasancewa ba su da filin da ya wuce na shanya. Kalmar kulle ba baƙuwa ba ce a wajen matan aure. Abin da ya zama sabo shi ne maigida da yara duk suna ciki dare da rana, babu biki, babu suna, babu zuwa dubiya.

A farkon Mayu aka fara buɗe gari ranakun Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Awa shida ke nan, kuma a cikinsu ake cefane. Kura ba ta wuce kilomita 30 da 'yan kai daga birni ba, amma da shingayen jami'an tsaro da aikin hanyar da ake yi, tafiya da dawowa na cinye awa biyu cikin sauƙi, wanda ya makara kuma kotun tafi-da-gidanka na jiransa. Don haka sai bayan ƙaramar Sallah, da aka ƙara sassauta dokar, fitar ta zama abin da mai hankali zai yi da iyali. Annoba ta wuce, al'adar ta zauna, domin matsatsin birni bai tafi tare da korona ba.

A fara da bishiya, tunda ita aka zo haya. Mangwaro ba shi da na biyu a nan. Ganyensa ba ya kaɗewa ko da tsakiyar rani, kuma tsohuwar bishiyar da ta haura shekara 20 tana yin rumfa mai faɗin mita 10 ko fiye. Wanda ya yi dashe bisa ƙa'ida, mita 10 tsakanin bishiya da 'yar'uwarta, yana da 100 a hekta ɗaya, kusan 40 a eka. Irin wannan tsohon lambu ake nema. Sabon dashen mangwaro mai aure gajere ne, yana saurin 'ya'ya, mai lambu yana alfahari da shi, amma inuwarsa ba ta rufe tabarma biyu. Gwaiba ta yara ce, su hau su sauka, inuwarta kuwa shara-shara. Darbejiya tana da sanyi, sai dai in ta nuna 'ya'ya tsuntsaye da jemagu ba sa barin abin da ke ƙarƙashinta da tsabta. Turare, wanda ake jerawa a gefen lambu don kare iska, inuwarsa kamar rariya ce, reshensa kuma yana ɓallewa ba sanarwa in hadari ya taso. Gawo yana da ganye da rani, da damina ya tuɓe, kuma ƙasansa ƙaya ce zalla. Giginya kada a kusance ta in tana da 'ya'ya, ɗaya ya faɗo wa yaro a ka magana ta ƙare. Tsamiya ta fi su duka sanyin inuwa, amma da wuya a samu iyalin da babu wata gwaggo da za ta ce ba za ta zauna a gindinta da tsakar rana ba, kuma babu amfanin jayayya da ita.

Inuwa tana tafiya. Da safe tana yamma da bishiya, bayan azahar ta koma gabas. Wanda ya iso ƙarfe 11 ya shimfiɗa wa tsofaffi da masu goyo tabarma a gefen gabas tun farko, ba sai an tashe su ba in rana ta karkata. A share wurin da tsintsiyar kwakwa ko ta kaba har a ga ƙasa, saboda busasshen ganyen mangwaro gidan kunama ne da cinnaka. Mai lambun da ya san aikinsa ya riga ya share tun da sassafe ya yayyafa ruwa. In aka tarar da ganye jibge har gindin bishiya, an fara ganin irin hidimar da za a samu.

Batun tazara a fili ba shi da wuya. A lokacin korona hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ba da shawarar mita 2 tsakanin mutum da mutum, ƙa'idar gwamnatin tarayya ta lokacin kuma ta hana taron da ya wuce mutum 20. A lambu mai dashen mita 10, in aka ba kowane iyali bishiya ɗaya aka tsallake ɗaya, tsakaninsu ya ninka abin da ake buƙata sau da yawa, kuma iska tana kwashe numfashi, saɓanin ɗaki mai taga ɗaya. Inda abin yake lalacewa wuri uku ne: bakin famfo, ƙofar banɗaki, da sahun salla. Na huɗu ya fi su duka, wato cikin mota. Gida biyu su cusu a bas ɗaya, gilashi a rufe saboda ƙura, awa ɗaya zuwa awa ɗaya dawowa, sannan a isa lambu a ce a ba da tazara, an yi ba a yi ba. A lokacin kowace cuta mai bin numfashi, gida ɗaya mota ɗaya, tagogi a buɗe, direban haya da takunkumi.

Ruwa shi ne gwaji na farko na mai lambu. Mai kyau yana da bokiti mai famfo na lita 20 a kan kujera, da sabulu, da roba a ƙasa mai tare ruwan da ya zuba. Wanke hannu na daƙiƙa 20 yana cin kusan rabin lita. Iyali mai mutum takwas, kowa ya wanke sau huɗu, lita 16 ke nan. Alwalar azahar da la'asar ta cinye kwatankwacin haka. Jarka ɗaya mai lita 25 ba za ta kai yamma ba, sai biyu. Tambayar da ake mantawa ita ce daga ina aka ɗebo. In daga rijiyar burtsatse ne ko rijiyar lambu mai murfi, madalla. In daga kanal aka cika jarkar da injin ban ruwa, to ba na alwala ba ne, dalili yana tafe. Ruwan sha kuwa daga gida ake zuwa da shi. Da bazara babba yana shan lita 3 a wuni ba tare da ya lura ba. Jakar fiya wata mai ƙulli 20 lita 10 ce, don haka mutum takwas jaka biyu, a ƙara ta uku in akwai masu shayarwa. A riƙe sukari da gishiri a leda: ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ga yaron da rana ta buga ko zawo ya kama.

Banɗaki ne wurin da mafi yawan lambunan suka gaza, kuma shi ne yake hana mata sake zuwa. Manomi da 'yan ƙwadagonsa sun saba zagawa bayan shinge, ba ya ganin abin a matsayin matsala. Matar birni da 'yan mata uku ba za su iya ba, sai su ƙi shan ruwa tun safe don kada su buƙaci zagawa, a dawo gida da ciwon kai. Abin da ake nema ba mai tsada ba ne: rami mai zurfi, daɓe ko falanki mai murfi, kewayen zana mai tsayin da ya wuce kan mutum, ƙofa da ake ɗaurewa ta ciki, buta, da bokitin toka da ake barbaɗawa don ƙuda da wari. Ya kasance aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma a gangare da ita, ba a sama ba. Biyu ya kamata, na maza daban. Haka nan a ga ko akwai zana ko asabari da aka kafa ta gefen hanya, domin in babu sutura mata za su wuni a takure cikin hijabi kamar suna layin asibiti, alhali don su aka fito.

Yanzu ga kanal, wanda shi ne kwalliyar wurin kuma shi ne babban hatsarinsa. Ruwan daga madatsar Tiga yake, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke rarraba shi zuwa gonakin Bunkure, Kura da Garun Malam. Babban kanal da siminti aka shafe shi, gefensa a karkace, gansakuka ta lulluɓe inda ruwa ke taɓawa. Daga sama ruwan kamar a kwance yake. Yana tafiya da ƙarfi, kuma wanda ya zame ba shi da abin kamawa, santsi ne har sama. A gaba kuma akwai kwalbati da ƙofofin ruwa inda yake matsewa ya ja abu ƙasa. Yaran ƙauyen da za a gani suna tsalle a ciki sun san inda ake fita, yaron Gwammaja bai sani ba, kuma ganinsu ne zai ja shi. Kada a karɓi bishiyar da ba ta kai taku 60 daga babban kanal ba, sai in akwai shinge na gaske a tsakani. A ware babba ɗaya wanda aikinsa ido a kan yara kawai, a riƙa canzawa duk awa, saboda in kowa ne yake lura to babu mai lura. Lambun da ya cancanci yabo yana da doguwar gora da igiya ɗaure da jarka wofi mai murfi a rataye kusa da ruwa. Jefa wa wanda ya faɗa ake yi. In wanda bai iya ruwa ba ya bi shi, gawa biyu za a nema.

Ƙananan magudanan da ke kai ruwa fangali ba sa nutsar da babba, shi ya sa iyaye ke barin yara su tsoma ƙafa. A nan tsargiya take. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa mai tafiya a hankali. Ta fito ta yi iyo, ta huda lafiyayyar fata ta shiga, ba sai da rauni ba, ba kuma sai an sha ruwan ba. Ta fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke sa a ji sha'awar ruwa. Ranar ba za a ga komai ba sai ɗan ƙaiƙayi. Bayan makonni, wani lokaci watanni, yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari, an riga an manta da zuwa lambu, a dinga ba shi maganin sanyi. Maganinta praziquantel ne, bisa nauyin jiki ake bayarwa, don haka asibiti za a je a gwada fitsari, kuma a gaya wa likita cewa yaron ya shiga ruwan kanal. Mai ɗauke da cutar in ya yi fitsari a ruwa ya zuba ƙwai, dodon koɗi ya ɗauka, zagaye ya ci gaba. Ashe banɗakin nan ba don kunya kaɗai ba ne. Ruwan kanal in dole sai an yi amfani da shi, a tafasa, ko a ajiye shi a mazubi mai murfi ya kwana biyu, ƙwayar ba ta daɗewa in ba ta samu jiki ba.

Abu na biyu da ido ba ya gani shi ne feshi. Lambu wurin aiki ne, ba don baƙi aka dasa shi ba. Tsakanin bishiyoyi da kewayensu akwai tumatir, albasa, tattasai, kankana, kuma tun da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatirin Kano a 2016 hannu ya saba da feshi akai-akai. Tambaya ta farko bayan gaisuwa ita ce, "Baba, yaushe rabon da a yi feshi a nan, kuma maƙwabta fa?" In amsar jiya ce ko yau da safe, a ɗage zuwan. Kwana biyu shi ne mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi ga wurin da yara za su yi rarrafe, abin da aka rubuta a jikin kwalbar in ya fi haka shi za a bi. Kayan lambun da za a ci ɗanye suna da nasu kwanakin jira, waɗanda suka fi na shiga gona tsawo. A zagaya a duba gindin bishiyoyi da bakin rijiya, nan ake jefar da kwalaben magani, yaro kuma yana ganin kwalba zai cika ta da ruwa ya kai baki. Alamun gubar irin wannan magani su ne dalalar miyau, gumi, amai, ƙanƙancewar baƙin ido da sarƙewar numfashi. A tuɓe masa kaya, a wanke jiki da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar. Ɗura manja ko madara da sa shi amai dole, waɗanda aka saba yi, ƙara ta'azzara abin suke.

Maciji ba ya son hayaniya, da wuya ya zo inda mutum goma ke hira. Inda ake gamuwa da shi shi ne tarin kara, ramin gara, da ciyawar bakin shinge inda ƙwallo ke faɗawa. Kububuwa, kasa da gamsheƙa duk akwai su a karkarar nan. Takalmi mai rufi ga yara ya fi silifa, ko don ƙarangiya da tsidau. In an yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi da ɗan itace kamar karaya, a ɗauki mutum zuwa mota. Mai lambun kirki ya san asibitin da ya fi kusa da kuma wanda ake samun allurar dafi, a tambaye shi tun kafin a buƙata. Daga Janairu zuwa Fabrairu mangwaro na fure, ƙudan zuma sun cika sama, a ɗaga kai a duba ko an rataya amya kafin a hura wuta a ƙasa.

Abinci yawanci da shi ake zuwa, kuma a nan zafi yake yi wa mutane wayo. Shinkafa da miya da aka zuba a kula ƙarfe 9, in ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi har la'asar, ita ce ke kwantar da gida washegari. A ci mai miya da azahar a gama da shi. Na yamma ya zama abin da ke jure rana: gurasa da ƙuli, kilishi, dambun nama, soyayyar gyaɗa, dabino. Kunun aya ba ya kai awa uku ba ƙanƙara, zoɓo ya fi shi haƙuri. Kwaɗon latas da kabeji da aka tsinko nan take abin sha'awa ne, amma da ruwan kanal aka shayar da su, sai an wanke da ruwan da aka zo da shi ganye-ganye. Nonon da ake kawowa daga ruga yana da daɗi da fura, a tambaya ko an dafa madarar kafin ta kwana, ɗanyen nono yana ɗaukar cututtukan shanu zuwa mutum. Abin da lambun ya fi kowane gidan abinci a birni shi ne masarar da aka karyo aka gasa nan take, da rake, da mangwaro daga Maris zuwa Mayu, binta siga da ɗan kamaru. A wanke danƙon da ke fita a hancin mangwaro kafin a miƙa wa yaro, shi ne yake sa gyambo a gefen baki. Masu kawo kurfoti su dasa shi nesa da busasshen ganye da zana, su kashe gawayin da ruwa, ba da ƙasa ba, garwashin da aka binne yana ƙona ƙafar wanda ya taka bayan awa guda.

Ciniki iri uku ne: kuɗin bishiya, kuɗin mota, ko kuɗin kai. Na bishiya ya fi adalci ga mai iyali da yawa, na kai kuma kullum yana ƙarewa da gardamar ko jariri mutum ne. Ma'aunin da ya dace shi ne ladan ɗan ƙwadago na wuni a yankin. Share wuri, jido ruwa da kula da banɗaki aikin mutum ɗaya ne, a ɗora ribar mai lambu, bishiya ɗaya ba ta kamata ta wuce ladan wuni biyu ba. Wanda ya nemi fiye da haka ya nuna abin da ya ƙara. A fayyace maganar 'ya'yan itace tun farko, nan ne rigima ke tashi. Sau da yawa an riga an sayar wa dillali mangwaron tun yana fure, mai lambu ba shi da ikon kyauta da shi, yaran birni kuma suna isa sai jifa. Ƙa'idar da ke zaunar da kowa lafiya ita ce wanda ya faɗo da kansa na baƙo ne, na sama sai an saya a kwando. Rabin kuɗi a shiga, rabi a fita.

Akwai kuma haƙƙin ƙauyen, wanda mutumin birni yake yawan takewa. A 2020 tsoro daga birni yake zuwa, kuma mutanen karkara suna da hujja. Mai mura ko zazzaɓi ya zauna gida. Lambun da ke da hanyar shiga ba tare da an ratsa tsakiyar gari ba ya fi. In taron ya wuce mota biyu, mai lambu ya sanar da mai unguwa tun jiya, wanda ya jagoranci tafiyar kuma ya tsaya ya ce "Ranka ya daɗe, mun zo shan iska ne a lambun Malam, za mu koma kafin magariba." Minti biyar ne, yana kuma hana tambayoyi da yawa. Kada a ɗauki matan da ke aiki a gona hoto. Kada a faka mota a kan kunya ko a toshe hanyar amalanke. Sifika mai ƙarar kiɗa a bar ta a gida.

Ga wanda yake auna wurare, yankin Kura da Kadawa ya fi kusa da sauƙin hanya, ga kasuwar Kwanar Gafan a lokacin tumatir in za a yi cefane a dawowa. Wajen Tiga da Bagauda a ƙaramar hukumar Bebeji ya fi faɗin ruwa da iska da kifi, karfasa da tarwaɗa, amma nisan ya ninka, kuma jirgin kwale-kwale ba rigar ruwa ba abin sa yara ba ne. Wajen madatsar Watari a Bagwai ya fi shiru. Lambunan da ke bin rafin Jakara ta wajen Ungogo da Minjibir kore shar suke, sai dai da ruwan kwatamin birni ake shayar da da yawansu, a sha inuwa in ana so, ɗanyen ganye kuwa a haƙura. Jigawa, wajen Kazaure ko Dutse, tana da fili da duwatsu, amma a 2020 ba ta shiguwa daga Kano sai da aka ɗage dokar hana tafiya tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli, kuma dabinon Dutse, duk kyansa, ba bishiyar inuwa ba ce.

Lokaci mafi daɗi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu: ƙasa a bushe, sauro ya ragu, gonakin alkama da tumatir sun yi kore, sai dai mai asma ya kula da ƙurar hunturu. Bazara ita ce lokacin da aka fi buƙatar inuwar kuma mangwaro ya nuna, amma a iso kafin 11. Da damina hanyoyin cikin gona laka ce, ƙaramar mota tana kafewa, gonakin shinkafa sun cika da sauro, kuma in aka ji tsawa gindin doguwar bishiya shi ne wuri mafi muni, a koma cikin mota.

A tashi da an idar da la'asar. Hanyar Zariya da almuru ta manyan motoci ce, kuma sauro yana fitowa tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Kafin a naɗe tabarma a kakkaɓe ta da sanda, a zazzage takalman da aka ajiye a gindin bishiya, a ƙirga yara da suna ba da ido ba. Ledojin fiya wata a tattara su a buhu a koma da su birni. Akuya da tunkiya suna haɗiye leda ta toshe musu tumbi, kuma lambun da aka yi asarar tunkiya saboda baƙi ba ya sake ɗaga wayar mutumin birni.